Dashen Fiya a Gidan Baba Kumai

Ni dai a gidan haya aka haife ni, a gidan haya na yi wayo, daga gidan haya kuma aka ɗauko ni amarya zuwa wani gidan hayar. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, duk inda aka jefa shi nan muke bin sa da tukwanenmu. Da na auri Azariya na ɗauka zan huta, ashe mai ɗaukar kayan kawai na canza. A Sabon Tasha mun zauna gidajen da ba na son tunawa. Wani rufinsa a kan gado yake yoyo, wani mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure mu ba shi wuri, wani kuma mashaya ce a bayan tagarmu, har 'yata Tamar ta iya waƙoƙin mashaya kafin ta iya na coci. Shi ya sa har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi, gabana ne ke fara faɗuwa kafin in tashi.

Da aka yi wa Azariya canjin makaranta zuwa Kafanchan, wani abokin koyarwarsa ya kai shi Bayan Rafi, wata sabuwar unguwa a gefen gari inda da gonaki ne. Ranar da muka sauke kaya na tsaya a bakin ƙofa ina kallon layin, ban yarda da idona ba. Yara suna buga ƙwallo a tsakiyar hanya babu mai yi musu hon, don kwalbatin shiga unguwar ƙarami ne, mota sai ta lallaɓa. Ga famfo a kan kwana, ga makarantar firamare ana hango tutarta daga inda nake tsaye. Kafin rana ta faɗi wata mata ta leƙo ta kan katanga da kwanon tuwon masara da miyar karkashi. Ta ce sunanta Raliya, amma Maman Khairat ake kiran ta, mijinta hatsi yake sayarwa a kasuwa kamar yadda kakanninsa suka yi. Ta ce in na rasa yarana da yamma kada in tayar da hankalina, in bi ƙamshin girki, duk gidan da aka fara sauke tukunya a can suke.

Mai gidanmu Baba Kumai ne, tsohon manomin citta. Rabin unguwar gonar ubansa ce, ya yanka ya sayar, ya bar wannan filin ya gina don jikokinsa. Ba ya ba gwauro haya, ya ce shi gidan da babu kukan yaro bai san amfaninsa ba. Duk Asabar yana zuwa a kan tsohon kekensa da rake a ɗaure a baya, ya yanka wa Tamar da ƙanenta Yafet, ya zagaya ya duba rufi da magudanar ruwa, ya sha kunu ya tafi. Kowa "kai" yake ce masa, mace ko namiji. Ranar farko da ya ce mini "Maman Tamar, kai ka ji daɗin gida?" sai da na waiga ko akwai wani a bayana.

Na ji daɗin gida kuwa, kuma shi ne ya zame mini damuwa. Duk yadda wurin ya ƙara shiga raina, haka tsoron rabuwa da shi yake ƙaruwa. Na kasa zama. Yau in juya kujeru su kalli taga, gobe in mayar da su. Na wanke bangon da ba shi da datti, na share tsakar gida har tsintsiya ta gaji da ni. In na ji ƙarar keken Baba Kumai sai in tsaya ina karanta fuskarsa tun daga nesa, ko yau ne zai ce ɗan wane zai yi aure.

"Afiniki, ki zauna mana," in ji Azariya. "Wa ya kore ki?"

"Ai ba a sanar da mutum tun da wuri," na ce.

Shi Azariya yana da gidan ubansa a Kagoma, da kabarin kakansa a ƙofar gida. In aka tambaye shi daga ina yake, yana da wurin da zai nuna da yatsa. Ni sai dai in lissafa tashoshin jirgi. Mutum irin wannan ba zai gane abin da ke hana ni zama ba, kuma na daina yi masa bayani.

Abu ɗaya ne ya rage wa gidan, babu inuwa. Tsakar gidan fili ne fetal, rana tun safe har yamma. Na lura cewa a layinmu wasu gidajen suna da mangwaro da gwaiba da kwakwar manja, wasu kuma sai masara da kuɓewa da gauta, ko bishiya ɗaya babu. Na kuma lura cewa marasa bishiyar duk 'yan haya ne irina. A raina na ce lalaci ne kawai irin na ɗan haya, wanda ba ya son wahalar da wani zai ci amfaninta. Har na ɗan raina su.

A shekararmu ta biyu na haifi Joanna, farkon damina. Mamata ta zo daga Kaduna ta zauna da ni. Ranar da cibiyar jaririyar ta faɗi, Mama ta naɗe ta a ɗan farin ƙyalle ta ce a ba Azariya ya kai Kagoma, a binne a gidan ubansa kamar yadda aka yi da ta Tamar da ta Yafet.

"Wannan a nan za ta zauna," na ce.

"A gidan mutane?"

"A nan aka haife ta, Mama. Tawa cibiyar tana ina?"

Mama ta san amsar. Tawa tana bayan wani kwatas ɗin ma'aikatan jirgi da ita kanta ba za ta iya nuna ƙofarsa ba yanzu. Da na ce zan binne ta in dasa itace a kai, ta ce aƙalla in tambayi mai gidan. Na ce don ɗan itace? Mutumin da na gyara masa gida kamar nawa, ai godiya zai yi.

Na aiki a sayo mini dashen fiya a wurin masu sayar da tsirrai a bakin hanya. Da safe, bayan Azariya ya tafi makaranta, na haƙa rami a bayan kicin, na sa ƙyallen a ƙasa, na dasa fiyar a kai, na kewaye ta da tsofaffin bulo saboda awaki. Na yi addu'a a kanta. Ranar na yi barcin rana, abin da na manta rabona da shi.

Masarar da na shuka a wurin ta taso ta rufe ta, shi ya sa duk daminar babu wanda ya kula. Mama ta koma Kaduna. Azariya ya tambayi cibiyar sau ɗaya, na ce an binne, shi kuma bai ce a ina ba, don lokacin kansa yana kan jarrabawar ɗalibai. Fiyar ta kama ƙasa, ta fitar da sabon ganye ja-ja mai sheƙi, ta kai mini gwiwa. Kullum da safe nakan goya Joanna in je in tsaya a kanta.

Da muka cire masara aka share kara, sai ga ta a fili. Asabar ɗin nan Baba Kumai ya zo da rakensa, ya zagaya bayan kicin kamar kullum. Ina biye da shi da kofin kunu, ina jiran yabo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bulon da abin da ke tsakiyarsu.

"Wa ya shuka wannan?"

"Ni ce, Baba. Fiya ce. Nan da 'yan shekaru yara za su sami inuwa."

"Kai ne ka shuka, da hannunka?"

"Da hannuna."

Bai karɓi kunun ba. Ya juya ya kama kekensa ya tura shi waje, ko hawa bai yi ba. Raken yana nan ɗaure a baya, Yafet ya bi shi har bakin ƙofa yana kallo.

Na leƙa ta katanga na kira Maman Khairat na gaya mata. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zagayo ta ƙofa, abin da ba ta saba ba, ta je ta gani da idonta.

"Maman Tamar, me ya kai ki? Ɗan haya ba ya dasa itace a nan. Masara, wake, rogo ma in kin so, duk abin da za ki cire ki tafi. Amma itace na mai ƙasa ne. Wanda ya dasa itace cewa yake yi wurin nasa ne."

"Ni ban ce haka ba."

"Ba sai kin ce ba. Kakan maigidana ya shekara nawa a filin da aka ba shi aro, ko lemo bai taɓa dasawa ba sai da ya saya aka kira shaidu. Ba ki ga gidan su Faustina ba, da sauran 'yan haya? Kina tsammani ba sa son inuwa ne?"

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na ji haushin Baba Kumai, na ji haushin unguwar da kowa ya san abu amma babu wanda ya faɗa, kamar da shi ake haihuwar mutum. Da Azariya ya dawo na kai shi bayan kicin, ya dafe kai. Da na gaya masa abin da ke ƙarƙashi kuwa, zama ya yi a kan bulo.

"Afiniki, da kin tambaye ni."

"Da ka tambaye ni inda na binne."

Ya ce mu cire ta yanzu-yanzu. Na ce babu mai taɓa ta. Muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Asabar ta zagayo, Baba Kumai bai zo ba. Wata Asabar ta sake zagayowa, shiru. Da ya zo ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na koma juya kujeru, na ƙone miya, na tsawata wa Tamar a kan abin da ba ta yi ba. A taron zumuntar mata na coci ana waƙa bakina yana motsi, hankalina yana kan hanya. Na fara kallon kayan ɗakina ina auna wanne zai shiga wane buhu. Da yamma yaran layi suna ta wasansu, Tamar da Khairat suna kitsa wa 'yar tsana gashi a ƙofarmu, Yafet yana tsaron gida a ƙwallo, ni kuma ina kallon su ina tunanin yadda zan ce musu mu tashi kuma.

Azariya ya ɗauki wani dattijon ikilisiyarmu suka je gidan Baba Kumai. Suka dawo da magana guda: idan shekara ta cika mu nemi wani wuri. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, ya ce ma mu gaishe da yara.

Washegari na goya Joanna na tafi da ƙafa, ban gaya wa kowa ba. Gidansa yana tsohuwar unguwa, a ƙetaren rafin. Na same shi a tsakar gida yana juya cittar da aka shanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya nuna mini benci, ya ci gaba da aikinsa.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Ban san al'adar ba. Itacen naka ne, na bar maka, ko ɗa ɗaya ba zan tsinka ba sai da izininka."

Ya jingina sandar da yake juya cittar, ya zauna a kan turmi.

"Ka ga tudun can?" Ya nuna wajen gabas da haɓa. "Daga can har bakin rafi na babana ne. Wani baƙo ya zo, ba shi da wurin noma, babana ya ba shi. Mutumin kirki, tare suke shan kunu. Ya shuka kwakwa, babana ya ce bar shi, ai ɗan'uwa ne. Babana ya mutu, baƙo ya mutu. Yaran baƙo suka ce wurin nasu ne. Muka je gaban manya, aka ce wa ya shuka kwakwa? Kowa ya san wa ya shuka. Shi ke nan. Yanzu in na wuce wurin sai na gaishe su."

"Ni ba zan yi maka haka ba, Baba. Na rantse da Ubangiji."

"Na sani. Kai ba za ka yi ba. Amma ni na kusa tafiya, kai ma za ka tsufa. Itacen zai rage, da jikokina, da yaranka. Wa zai gaya musu abin da muka faɗa yau a kan benci?"

Da na yi shiru a nan, wataƙila da ya sauko da kansa. Amma ban iya ɓoye abu a ciki ba, kuma na ga gara ya ji daga bakina.

"Akwai cibiyar wannan yarinyar a ƙarƙashi."

Ya dube ni, ya dubi kan Joanna da ke leƙowa ta kafaɗata.

"Har cibiya."

"Har ita."

"To ka gani. Wata rana zai zo da mota, ya ce a nan aka haife ni, ga itacena, cibiyata tana ƙasa."

"Abin da nake so ke nan, Baba," na ce. "Ba filinka nake so ba. So nake a cikin 'ya'yana a sami ɗaya da zai tsaya a wuri ya ce nan ne. Ni ban da shi. Tun ina yarinya ake ɗaure mini kaya. Gidanka ne wuri na farko da na ji ba na son a tashe ni."

Na yi kuka a gaban tsohon nan, kukan da ban yi a gaban mijina ba. Bai ce in yi shiru ba. Ya bari na gama, yana murza wani ɗan guntun citta a tsakanin yatsunsa.

"Maman Tamar, ban taɓa samun ɗan haya kamar kai ba," ya ce. "Gidan ya fi kyau yanzu a kan ranar da na gama shi. Ba na so ka tashi. Amma ba zan bar wa jikokina rigima ba. Ka cire shi da hannunka, yadda ka shuka da hannunka, a gaban mai unguwa da maƙwabta. Ka kwashe abin da ke ƙasa. In ka yi, ka zauna har ka gaji."

"In ban yi ba fa?"

"Shekara ta cika, ka tafi, ni in sare shi."

Ko ta wace hanya dai fiyar ba za ta zauna a ƙasar nan ba. Na tashi na yi masa sallama. A hanya na yi ta masifa ni kaɗai, da shi, da baƙon da ya mutu tun kafin a haife ni, da 'ya'yan baƙon da ban taɓa gani ba. Da na iso kwalbati na hango an tashi daga makaranta, yaran layinmu sun jero suna tafe, manya riƙe da hannun ƙanana, Yafet a tsakiya takalminsa ɗaya a hannu. Na tsaya har suka iso ni. Kafin mu kai ƙofa na riga na san abin da zan yi, kuma sanin bai rage mini zafin ba.

Ranar Asabar da safe suka taru a bayan kicin: Baba Kumai, mai unguwa, Maman Khairat da mijinta, Faustina, da Azariya a gefe yana riƙe da Joanna. Yaran layi suka hau katanga, aka kore su, suka sake hawa. Azariya ya miƙa hannu zai karɓi fartanya, Baba Kumai ya girgiza kai.

Na kawar da bulon ɗaya bayan ɗaya. Na fara haƙa daga nesa, ina zagayawa, don kada in yanke saiwa. Ƙasar ta fara bushewa, ta yi tauri, gumi yana shiga mini ido. Da na kai ƙasa na ajiye fartanya na sa hannu. Saiwar ta yi nisa fiye da yadda na zata, ta ratsa ta cikin ƙyallen ta riƙe shi, ƙyallen kuma ya zama kalar ƙasa, ba a iya raba su. Ban yi ƙoƙarin rabawa ba. Na ɗago su tare da ƙasar da ke jikinsu, na tsaya riƙe da su ban san inda zan ajiye ba.

Maman Khairat ta fita da sauri ta dawo da tsohon bokitin fenti, ta huda gindinsa da ƙusa. Na sa fiyar a ciki na cika da ƙasa na danna.

"Wannan fa, Baba?" mai unguwa ya tambaya.

Baba Kumai ya duba bokitin. "A bokiti ba laifi. Amma ya zauna a kan siminti, kada saiwa ya sami ƙasa."

Mai unguwa ya ce kowa ya gani, kowa ya ce ya gani. Azariya ya mayar da ƙasa ya cike ramin. Baba Kumai ya je wurin kekensa ya kwance rake, ya yanka wa yara har da na kan katanga, ya ce a kawo masa kunu. Ya sha ya miƙo mini kofin.

"Yanzu ka zauna da hankali kwance, Maman Tamar. Gida naka ne."

Na ce na gode, kuma da gaske na gode. Yarana za su ci gaba da zuwa makarantar nan, za su ci tuwo a gidan da aka fara saukewa, babu mai ɗaure musu kaya bana. Mutane suka watse, yara suka koma ƙwallonsu.

Tamar ce ta rage tare da ni, tana tsotsar rake tana kallon fiyar da ganyenta ya fara langaɓewa.

"Mama, in kira Babanmu ya taya ki ɗauka?"

"Bari in gwada," na ce.

Na sunkuya na kama hannun bokitin, na shirya jin nauyi. Da hannu ɗaya na ɗauke shi na kai baranda.